Waiwaye: Yaron da Ba a Yi wa Ta'aziyya

A watan Agustan 1974 aradu ta faɗa wa wata yarinya 'yar shekara takwas a bakin teku a Amurka, rai ya yi halinsa. Abokin wasanta na ƙut-da-ƙut wani yaro ne tsaranta mai suna David, ɗan marubuciya Katherine Paterson. Uwar ta ba da labarin hukuncin da yaron ya yanke wa kansa a kwanakin nan: wai shi ne ba shi da kirki, shi ya sa Ubangiji ya ɗauke masa ƙawa, kuma sauran 'yan gidansu ma suna nan tafe. Ita kanta Paterson a shekarar ce likitoci suka gano tana da ciwon daji, tana ta kokawa da tsoron tata mutuwar. Da ta rasa amsar da za ta ba ɗanta, sai ta zauna ta rubuta labari. A 1977 ya fito da sunan Bridge to Terabithia, a 1978 kuma aka ba shi lambar Newbery, wadda babu kamarta a adabin yara na Amurka.

Labarin ba shi da wani tsawo. Jess, ɗan talakawa a wani ƙauyen jihar Virginia, ya ƙulla abota da Leslie, 'yar sababbin maƙwabtansu. Sukan yi lilo da wata tsohuwar igiya su tsallake rafi zuwa cikin kurmi, inda suka ƙago wa kansu masarauta. Wata rana, bayan ruwan sama ya cika rafin, malamar kiɗa ta gayyaci Jess zuwa gidan adana zane-zane a Washington, shi kuwa bai ce a biya a ɗauki Leslie ba. Kafin ya dawo igiya ta tsinke da ita.

Abin da ya hana littafin tsufa yana cikin babukan da suka biyo baya. Jess ya ce ƙarya ake yi masa. Washegari ya zauna ya cika cikinsa da karin kumallo kamar ba a yi komai ba, har yayarsa ta ce bai damu ba. Ya kai wa ƙanwarsa duka a fuska. Ya kwashi kayan zanen da Leslie ta ba shi ya watsa a rafi. Yana jin haushin mamaciyar don ta tafi ta bar shi, yana kuma ganin da hannunsa a mutuwarta. Duk wanda ya taɓa zama da yaron da aka yi wa rasuwa ya san waɗannan halaye, amma a wancan lokaci da wuya a gan su a littafin yara. A littattafan Turawa na ƙarni na 19, yaron kirki yakan mutu ne cikin natsuwa ya bar wa masu rai abin koyi, kamar Beth a Little Women. Paterson ta kau da kai daga gadon mai mutuwa, ta zuba wa wanda aka bari ido.

Manya biyu ne suka tsaya wa Jess, kuma babu wanda ya yi masa dogon jawabi. Ubansa, mutum mai kaushin hali da bai iya lallashi ba, ya bi shi bakin rafi ya ɗora shi a cinya. Malamar ajinsu, wadda yara suka raina suna yi mata dariya, ta kira shi waje ta gaya masa cewa da mijinta ya rasu mutane sun yi ta cewa ta manta, ita kuwa ba ta son mantawa. Iyakar abin da suka yi ke nan, ya kuma isa.

Duk da haka iyaye da yawa ba su yafe wa littafin ba. A shekarun 1990 yana cikin goman farko a jerin littattafan da aka fi kai ƙararsu don a cire su daga makarantu, kamar yadda ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta ƙididdige. Wasu sun ce akwai kalaman da ba su dace ba, wasu batun addini ne ya dame su, wasu kuwa mutuwar ce kawai ba sa so yaro ya ji. Paterson ta taɓa cewa hankalinta ba ya kwanciya in ta ji an miƙa wa yaro littafin saboda an yi masa rasuwa, don a ganinta an makara, kamata ya yi a ce ya karanta tun kafin abin ya same shi. Ina tare da ita a nan. Yaron da ya riga ya ga Jess yana cin abinci da safiyar makoki ba zai ɗauki kansa azzalumi ba ranar da yunwa ta kama shi alhali gawar uwarsa tana ɗaki.

Ba Paterson ce ta fara buɗe wannan ƙofa ba. S. E. Hinton tana 'yar sakandare a Tulsa ta rubuta The Outsiders, ya fito a 1967 tana da shekara 18, kuma mai ba da labarin maraya ne da ya ƙi yarda abokinsa ya mutu. A 1976 Judith Guest ta fitar da Ordinary People, labarin saurayin da wansa ya nutse a haɗarin kwalekwale shi ya tsira, ya kasa yafe wa kansa tsirar, har ta kai shi ga zama gaban likitan ƙwaƙwalwa. Fim ɗin da aka yi da shi a 1980 ya ci babbar lambar Oscar. Daga nan hanya ta buɗe, mawallafa suka gane akwai kasuwa, masu kyau da marasa kyau suka yi ta fitowa.

Shekarar da na fi so mu tsaya a kanta ita ce 2007, domin littattafai biyu da suka yi hannun riga da juna duk daga cikinta suka samo tushe.

Na farko shi ne Thirteen Reasons Why na Jay Asher. Hannah Baker, 'yar sakandare, ta kashe kanta, ta bar kaset-kaset da ta naɗi muryarta a kai, kowane gefe na mutum ɗaya ne daga cikin waɗanda ta ce su suka kai ta ga haka, ta kuma tsara yadda za a riƙa miƙa kaset ɗin daga hannu zuwa hannu. A yi wa Asher adalci: wata 'yar uwarsa ce ta taɓa yunƙurin hallaka kanta tana budurwa, abin ya tsaya masa a rai, kuma matasa da dama sun ce littafin ya sa sun gane illar yaɗa ƙarya a kan yarinya da cin zarafinta. Matsalar tana cikin ginin labarin. Wadda ta mutu ita ke riƙe da linzami daga farko har ƙarshe. Muryarta ba ta yanke ba, waɗanda suka wulaƙanta ta suna saurare suna nadama, abin da ta kasa samu tana raye, wato a ji ta, ta same shi bayan ta mutu. Babban mutum ɗaya da ta je wa da kukanta, malamin ba da shawara na makarantar, bai tsinana mata komai ba. To, yaron da ke kwance cikin dare yana jin babu wanda ya san da zamansa, me aka gaya masa ke nan?

A ranar 31 ga Maris 2017 kamfanin Netflix ya saki shirin mai dogon zango da aka gina kan littafin, ya kuma ƙara abin da littafin bai yi ba: ya nuna mutuwar Hannah ƙuru-ƙuru na kusan minti uku. Ƙungiyar masana halayyar ɗalibai ta Amurka ta yi gargaɗin kada yaran da ke cikin damuwa su kalla. A 2019 wani bincike da aka buga a mujallar likitocin ƙwaƙwalwar yara da matasa ta ƙasar ya nuna cewa a watan Afrilun 2017 kashe kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 ya ƙaru da kashi 28.9 cikin 100 bisa abin da aka yi tsammani, kuma yawancin ƙaruwar a cikin maza ne. Wasu masana sun sake duba alƙaluman suka ce adadin dama yana ta hawa tun kafin shirin, don haka ba za a ɗora masa laifin kai tsaye ba. Gardamar ba ta mutu ba, amma a watan Yulin 2019 kamfanin ya yanke wannan wuri daga shirin, bayan ya shekara biyu yana yawo a wayoyin yara.

Tsoron nan tsoho ne. A 1774 Goethe na Jamus ya fitar da labarin wani saurayi, Werther, da ya hallaka kansa saboda son matar da ba za ta zama tasa ba. Samari suka shiga ɗinka irin tufafinsa, aka yi ta raɗe-raɗin wasu sun bi sahunsa, har hukumar Leipzig ta hana sayar da littafin. Shekara 200 bayan haka masanin zamantakewa David Phillips ya nuna cewa kashe kai yakan ƙaru bayan jaridu sun kambama labarin wani da ya yi, ya kuma laƙaba wa abin sunan Werther. A Vienna ta ƙasar Ostiriya, da aka shawo kan 'yan jarida a 1987 suka daina zuzuta labarin masu hallaka kansu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, adadin ya faɗi da fiye da rabi cikin 'yan watanni. A 2010 kuma wani mai bincike a birnin, Thomas Niederkrotenthaler, ya gano ɗaya ɓangaren: labarin mutumin da ya shiga ƙunci har ya yi tunanin mutuwa, sannan ya samu mafita ya rayu, yana tafiya ne tare da raguwar adadin. Ashe ambaton mutuwa ba shi ne haɗarin ba. Abin dubawa shi ne wa labarin ya bari a raye, me kuma mutuwar ta saya wa mai ita.

Littafi na biyu ya fara ne da rasuwar wadda ta ƙago shi. Siobhan Dowd, marubuciya haifaffiyar Landan 'yar asalin Ayalan, ta rasu a watan Agustan 2007 da ciwon dajin mama tana da shekara 47. Ta bar mutanen wani labari da mafarinsa, ajali bai bar ta ta rubuta ba. Editarta ta miƙa wa Patrick Ness, shi ya rubuta A Monster Calls, Jim Kay ya yi zanen, ya fito a 2011. A 2012 ya haɗa lambar Carnegie ta rubutu da ta Kate Greenaway ta zane, abin da wani littafi bai taɓa yi ba kafinsa.

Conor ɗan shekara 13 ne. Uwarsa tana fama da ciwon daji, ubansa ya koma Amurka ya yi wani aure, kakarsa kuwa ba sa ga-maciji. A makaranta kowa ya san halin da ake ciki, don haka kowa yana lallaɓa shi: ba a tambayarsa aikin gida, ba a yi masa faɗa. Ya farfasa falon kakarsa, ba a hukunta shi ba. Ya lakaɗa wa wani yaro duka har asibiti, shugabar makaranta ta ce ba ta ga amfanin hukunta shi ba. Mai karatu yakan ɗauki lokaci kafin ya gane hukuncin nan shi yaron yake nema ido rufe. Da ƙarfe 12:07 na dare wani dodo yakan taso daga tsohuwar bishiyar da ke maƙabartar coci, irin bishiyar da ake samun wani maganin ciwon daji daga jikinta, ya ce zai ba shi labari uku, shi kuma dole ya biya da na huɗu, kuma dole ya zama gaskiya.

Gaskiyar ita ce Conor ya gaji. A mafarkin da ke addabarsa, uwarsa tana rataye a bakin rami yana riƙe da hannunta, kuma ya san da ya so da ya ƙara riƙewa, amma ya saki. Yana son uwarsa kamar ransa, yana kuma so abin ya zo ƙarshe, ko da ƙarshen shi ne mutuwarta. Wannan tunani ne yake ci masa rai fiye da ciwon kansa. Dodon bai ce masa bai yi tunanin ba, bai kuma ce ya kyauta ba. Ya nuna masa cewa zuciya tana iya ɗaukar buri biyu masu karo da juna, cewa son wahala ta ƙare halin ɗan Adam ne, kuma abin da hannunsa zai yi yanzu shi ne abin lissafi. Yaron ya tafi asibiti ya riƙe uwarsa har ta cika. Babu warakar mamaki, babu wanda aka rama wa.

Ba na jin akwai mai karatu a ƙasar Hausa da zai ce wannan baƙon abu ne. A asibitocinmu dangi ke jinya, kuma sau da yawa budurwa 'yar goma sha ce ke kwana kan tabarma a gindin gado, ita ke kwashe fo, ita ke zaryar sayen magani. Babba in ya gaji yana da kalmar da al'ada ta halatta masa, ya ce Allah ya yanke wahala, a amsa da amin. Yarinyar in irin wannan ya ɗarsu a ranta sai ta ɗauka ta yi wa uwarta fatan mutuwa, ta haɗiye, ta shekara ashirin tana ɗauke da shi. An dai koya mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai kuma waɗanda suka rubuta ciwon daga cikinsa. Ned Vizzini ya kwanta a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na wani asibitin Brooklyn saboda ciwon damuwa, ya fito ya rubuta It's Kind of a Funny Story a 2006: yaro ɗan shekara 15 ya ji yana so ya mutu, ya buga wayar neman agaji, ya taka da ƙafarsa zuwa asibiti. Littafi ne mai ban dariya, ya kuma taimaki mutane da yawa. Vizzini ya kashe kansa a watan Disamban 2013 yana da shekara 32. Ina kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka littafi yana maye gurbin likita. Bai yi wa mai rubuta shi ba ma. John Green, wanda aka fi sani da The Fault in Our Stars na 2012, ya fitar da Turtles All the Way Down a 2017, ya ba jarumarsa Aza irin ciwon waswasin da shi kansa yake fama da shi tun yana yaro. Tsoron ƙwayoyin cuta ya kanainaye ta har takan sha man tsabtace hannu. Abin da na fi yaba wa Green shi ne ya hana soyayya ta warkar da ita. Saurayi ya zo, ya so ta tsakani da Allah, ciwon bai gusa ba. Magani da zama da likita da haƙurin uwa da ƙawa su suka sa ta iya rayuwa da shi, wata rana da sauƙi, wata rana babu.

Mai cewa wannan duk lalurar Turawa ce, ya nemi littafin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, Masalih al-Abdan wal-Anfus. Ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san sanadinsa kamar rashin masoyi, da wanda ke sauko wa mutum babu dalili, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar magani. Ya ware babi guda kan waswasi. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, Malik Badri, shi ya fito da wannan sashe ga masu karatun zamani. Kafin al-Balkhi ma, sira ta ajiye mana shekarar da aka yi wa laƙabi da shekarar baƙin ciki saboda rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, ta ajiye hawayen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, hadisi kuma ya ajiye yadda ya kula da ƙanen Anas, Abu Umair, yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi.

Mu kuwa a zaman makokinmu maza suna ƙofar gida, mata suna ciki, ana yi wa miji gaisuwa, ana yi wa 'yan uwa da iyaye. Ɗan mamaciyar ɗan shekara goma sha biyu shi ake aike ya ɗebo ruwa ya ƙaro tabarmi. In ya yi kuka a ce addu'a take buƙata, in bai yi ba a ce yaro ne bai san komai ba. Bayan sadakar arba'in a raba su riƙo, wannan gidan gwaggo, wancan gidan kawu.

Adabinmu na zamani cike yake da marayu, sai dai maraicin yawanci tsani ne kawai na hawa labari. Uwa takan mutu a sakin layi ɗaya don a samu damar shigo da muguwar kishiyar uwa, daga nan a jira attajirin saurayin da zai share hawaye. In jaruma ta samu taɓin hankali, kusan kullum sammu ne ko aljanu, kuma ranar da aka tono layar ranar take warkewa sarai. Gardamar Werther ma mun yi tamu. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Sumayya ta faɗa rijiya da aka nemi raba ta da wanda take so, aka ciro ta da rai. An yi ta zargin littattafan soyayya da koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, marubutan suna cewa abin da ke faruwa a gari suke rubutawa, har ta kai a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai. Ƙonawar ba ta hana komai ba. Yau labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, marubuciya tana sakin shafi da dare, kafin asuba 'yan mata sun karanta, babu edita a tsakani da zai ce mata wannan wurin a rage bayanin yadda aka yi, ko ya tambaye ta me ya sa sai da jaruma ta sha guba sannan iyayenta suka saurare ta. Wannan salon, inda yunƙurin mutuwa ke karya taurin kan uba a ɗaura auren da ake so, ginin Hannah Baker ne sak, sai dai an sa masa ɗankwali.

Hukuma ma ta daɗe a baya. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki. A shekarar ce kuma majalisar Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka.

Da wani mai hali zai ce in zaɓa masa littattafan da za a mayar Hausa don 'yan sakandare, da na Ness zan fara, tare da zanensa, sai na Green mai zancen waswasi, domin akwai yaro a kusan kowace makarantar kwana da ke maimaita alwala har a tayar da salla a idar yana bakin famfo, abokansa suna yi masa dariya. Na Asher zan bar shi inda yake. In kuɗin ya ragu, a ba wata marubuciyarmu ta zauna ta rubuta labarin yarinyar da uwarta ta rasu wajen haihuwa, ta bi ta wata shida na farko a gidan riƙo, kada kuma ta aurar da ita a babin ƙarshe.